Dillalin da Ya Tsaya wa Manyan Ƙasashe

Da hantsin wata Laraba, tsakiyar damina, Ummuhani matar Idrisu tela ta ratso kasuwar Kilomita Biyar ɗauke da wani abu a ƙunshe cikin tsohon zane. Ba ta tsaya gaisawa da kowa ba. Ta wuce masu taksi-moto, ta wuce 'yan sarin sukari da man ja, ta nufi rumfar Siddiq mai shayi, wurin da mata ba su saba tsayawa ba. A can Dabo dillali yake zaune a kan bencinsa, rediyonsa a cinya. Ta rusuna, ta ajiye ƙunshin a gabansa, ta kwance.

Guntun bango ne, jiƙaƙƙe sharkaf, da sauran farar ƙasa manne a gefe guda.

"Yaya Dabo, ina kwana," in ji ta. "Ga bangon ɗakin Inna. Da asuba ya ɓalle, dab da kanta. Na kawo maka shi ne domin kai ka tsaya."

Siddiq ya daina kaɗa cokali a kofi. Dabo ya dubi ƙasar nan, ya dubi laka a ƙafafun matar, sai ya ajiye kofin shayinsa. Ya daɗe da sanin wannan rana tana tafe.

Wanda bai san abin da ake kira tsayawa a wannan kasuwa ba, ba zai gane nauyin maganar Ummuhani ba, saboda haka dole a koma baya.

A Kilomita Biyar aka haifi Dabo, a wani gida da ke kan tudu bayan masallaci. Mahaifinsa, Muktar, mutumin Damagaram ne da ya biyo fatake har Bangui, ya ga wuri ya zauna, ya kama dillancin goro. A gindinsa Dabo ya koyi yadda ciniki yake faɗawa. Mai kaya ya ce ya sallama, mai saye ya ce ya karɓa, shaidu su ce Allah ya sa albarka; daga nan babu mai janye hannu, ko da farashi ya juya kafin la'asar. Idan kuwa mai sayen baƙo ne, ba a san gidansa ba, sai a dubi dillali. In dillali ya ce "na tsaya," to ya shiga tsakani da jikinsa: ranar da baƙo ya ɓace, kayan sun zama nasa, shi zai ba mai kaya madadin abin da ya rasa. Dabo yana ƙarami wani mai saye ya ƙetare kogi zuwa Kongo bai dawo ba, Muktar ya rungumi huhunan goron da sankara ta riga ta huda. A wannan shekara gozo, tuwon rogon nan, shi suka riƙa ci da miyar da ba ta san nama ba. Muktar bai taɓa kuka da abin ba. Cewa kawai yake yi, dillali ba shi da shago ba shi da jari, bakinsa ne kayansa.

Da Dabo ya girma sai ya bar goro ya koma dillancin gidaje da shaguna. A shekarun rikici, lokacin da manyan motoci suka riƙa kwasar jama'a zuwa Chadi da Kamaru, mutane da yawa hannunsa suka danƙa makullansu. Ya zuba su a gwangwanin madara ya binne a gindin mangwaron gidansa. Bai gudu ba. Waɗanda suka dawo ya miƙa wa kowa nasa, waɗanda ba su dawo ba makullansu na nan har yau. Abin da waɗannan shekaru suka bar masa shi ne tsoron gidan da ba ya hayaƙi. Duk sanda ya ji wani tsohon maƙwabci zai tashi, sai hankalinsa ya tashi, ko da kuwa shi ne zai ci la'adar cinikin.

Rediyo kuwa abokinsa ne tun yana saurayi. Yaran unguwa yanzu Sango ta fi zama musu a baki, har jikokinsa in ya yi musu Hausa da Sango suke amsawa, don haka a tashoshin Hausa na ƙetare yake shan harshen ubansa. A nan ne ya fara jin labarin sauyin yanayi. Ya kuwa kama shi hannu bibbiyu, domin ya ga alama da idonsa. Ruwan da ya sani yana yaro mai haƙuri ne, ya zuba ya tsagaita ƙasa ta sha. Na yanzu kamar an kifar da randa yake zuwa. Kanal ɗin Kokoro, babbar magudanar nan da ke kwashe ruwan unguwanni, sai ta cika ta tumbatsa ta shiga gidaje.

Dabo ya zama mai yi wa rumfar Siddiq bayanin tarurrukan duniya, kuma da ma'aunin kasuwa yake auna su. Ya ce Amurka tsohon attajiri ne wanda ya fi kowa daɗewa yana hura wuta. Sin sabon attajiri ne, murhunsa ya fi na kowa ci a yau, amma har yanzu a layin 'yan tebur yake shimfiɗa tabarmarsa. Turai kuwa dattijo ne mai daɗin baki, shi ke fara cewa a zauna a sasanta. "Su suka hura wutar," in ji shi, "mu da ko lantarki ba ya kwana a gidajenmu muke shan hayaƙi."

Sai aka yi taron Masar. Ranar da aka rufe shi Dabo yana manne da rediyo. Ya ji mai rahoto yana cewa ƙasashen duniya sun amince a kafa asusun taimaka wa ƙasashe matalauta da ambaliya da fari suka yi wa ɓarna. Ya ji an buga guduma a tebur, ya ji tafi ya kaure. Ya miƙe tsaye har shayi ya zube masa a riga.

"An sallama!" in ji shi. "Jama'a, ciniki ya faɗa!"

Ba a daɗe ba Idrisu tela ya zo masa da magana. Idrisu ƙanen abokinsa ne na ƙuruciya, mutum mai sanyin hali, yana zaune a gidan gadonsu na ƙasa a Kokoro, bakin kanal, tare da matarsa da mahaifiyarsa Inna Rahamatu, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa yana son filin gidan don ya tara kayansa, shi ruwa bai dame shi ba, zai ba Idrisu ƙaramin gida a kan tudu ta wajen Miskine. Musaya ce kai da kai, dillali kawai ake nema.

Dabo ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Idi, gidan ubanka za ka ba wa mai bola? Ka yi haƙuri kaɗan. Kuɗin nan na manyan ƙasashe in sun iso, ina kake tsammani za a fara zuba su in ba a kanal ba? Za a yashe ta, a ɗaure ta da siminti. Ranar nan sai ka ciji yatsa."

"Yaya, Inna nake ji. Ruwa in ya shigo, ni da Ummu sai mu hau tebur. Ita fa?"

"An sallama, na ce maka. Da kunnena na ji."

Siddiq, wanda bakinsa ba ya ajiye magana, ya sa baki daga bayan tukunya. "Dillali, mutanen nan fa baƙi ne. Ka taɓa ganin fuskar ɗayansu? Ka san gidansu?"

"Duniya gaba ɗaya ce shaida, Siddiq. Wane attajiri ne zai ce ya karɓa a gaban kasuwa cike, gobe ya ce bai ce ba? Da wane ido zai sake fitowa?"

Idrisu ya yi murmushi, ya ce cikin rabin wasa, "To Yaya, ka tsaya musu ke nan?"

Da Dabo ya yi dariya a nan, da magana ta wuce. Amma a ransa yana hango gidan Kokoro an rushe shi an jibge ƙarafa, ƙofa guda ta sake rufewa. Ya ajiye rediyo, ya miƙa hannu ya kama na Idrisu.

"Na tsaya."

Mutanen benci suka dubi juna. Al'ada ta fi ƙarfin mamaki, bakuna suka furta da kansu: "Allah ya sa albarka."

Damina ta farko ruwa ya shiga tsakar gidan Idrisu har idon sawu. Dabo ya ce babban ciniki ba a kai kaya ranar da aka yi shi. Da aka yi taron Dubai wasu ƙasashe suka ambaci abin da za su zuba a asusun, ya zo rumfa yana fara'a, ya ce ga kafin alƙalami an ajiye. Da ya ji masana na cewa abin da aka ambata ko kusa bai kama ƙafar ɓarnar ba, sai ya rage murya. Damina ta biyu madafar Ummuhani ta zube, tukwane a ciki. Gidan Miskine kuwa tuni wani ya shige.

Daga nan labarai suka riƙa zuwa masa kamar ƙaya a tuwo. Turai ta ce nauyin ya yi mata yawa, sai Sin da ƙasashe masu arzikin mai sun sa hannu. Sin ta ce ita ƙasa ce mai tasowa, abin da za ta bayar kyauta ce ba tilas ba. Sannan mulki ya canza hannu a Amurka, sabuwar gwamnati ta ce ta fita daga yarjejeniyar. Dabo ya jijjiga rediyon kamar laifinsa ne.

"Ana janye hannu bayan an sa albarka? Don maigida ya canza, sai cinikin gida ya tashi?"

"Dillali, yau ma ba a kawo kayan ba?" Haka Siddiq ya riƙa tarbarsa kowace safiya, har ya lura Dabo ya daina dariya, ya bari.

A gida ma bai sami sauƙi ba. Matarsa Ikilima, mai tuyar ƙosai da fanke, ba ta da haƙurin rediyo. "Malam, na yarda su suka ɓata sama," in ji ta. "Amma ledar da ta toshe kanal, ita ma Amurka ce ta zuba?"

Wannan ita ce hanyar da ta kawo guntun bango gaban Dabo a safiyar Larabar nan.

Siddiq ne ya fara neman masa mafita. "Haba, Ummuhani. Maganar shayi ce fa. Wa ya taɓa tsaya wa ƙasa? Ƙasa goro ce?"

"Kana wurin, Malam Siddiq," in ji ta, ba ta ko dube shi ba. "An ce har da bakinka aka sa albarka. Ko a lokacin ma shayi ne ya yi magana?"

Sai ga Idrisu ya iso da sassarfa, awon ɗinki rataye a wuyansa, kunya ta rufe shi. "Ke, tashi mu tafi! Yaya, ka yi haƙuri, ban san ta fito ba. Ni na yafe. Wallahi na yafe tun tuni."

"Ka yafe da bakinka," in ji Ummuhani. "Ruwa ya yafe? Ka ɗaga kai ka dubi gabas."

Kowa ya ɗaga kai. Ta wajen kogi sama ta fara haɗa baƙi, can ƙasa-ƙasa, ba motsi ba iska.

Dabo ya san an buɗe masa ƙofa har biyu. Yana iya cewa wasa ne, yana iya karɓar yafiyar Idrisu, kuma babu wanda zai kai shi ƙara ko'ina. Amma ya san ƙa'idar kamar yadda ya san sunansa: baƙo ya ɓace, kaya sun zama na dillali, mai kaya a ba shi madadi. Kayan su ne gidan bakin kanal. Madadin kuwa busasshiyar ƙasa ce, kuma busasshiyar ƙasa guda ɗaya ya mallaka a duniya.

Ya naɗe guntun bangon a zanen ya ɗauka. "Ku ba ni zuwa la'asar," in ji shi.

Ya tarar da Ikilima tana wanke kaskon tuya a gindin mangwaro. Ya ajiye ƙunshin, ya zauna a kan turmi, ya faɗa mata komai ba tare da kwana-kwana ba. Ta ci gaba da goge kasko har ya gama.

"Wato gidan nan za ka bayar."

"Musaya ce. Mu koma Kokoro, su dawo nan."

"Mu koma Kokoro." Ta ajiye soso. "Malam, da aka yi rikici ka ce ba za ka gudu ba, na zauna da kai, harsashi na wucewa ta kan mangwaron nan. Da aka ɓamɓare mana rufi, ɗan kunnena na gado na sayar, na haɗa da ribar ƙosai na shekaru, aka sayo kwanon da ke kanka. Ban ce uffan ba. Yau kuma don wasu mutane da ba su san akwai wata Bangui a duniya ba sun tafa hannu a rediyo, sai in kwashi tsufana in kai bakin kwata?"

"Ni na hana shi tashi, Ikilima. Da yanzu tsohuwar nan tana kan tudu."

"To ka je ka ce wa Amurka ta ba shi gida."

"Ban san gidanta ba," in ji shi a hankali. "Shi ya sa ake tsayawa."

"Kai ka tsaya. Ni ba a tambaye ni ba."

Ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Dabo yana zaune a kan turmi har aka kira azahar. Kafin a idar da salla iska ta taso, ta kwashi ledoji da ƙura ta watsa sama, tsawa ta fashe kamar an tsaga dutse. Masu shaguna suka hau jan ƙofofi. Ɗigon farko da ya faɗo a kan kwano ya yi ƙara kamar tsakuwa.

Dabo bai koma gida ba. Ya je wurin masu pusu, kurar nan mai ƙafa biyu da ake turawa da hannu a yi dako, ya ari guda, ya karɓi tamfol a wurin wani ɗan sari. Ya naɗe wandonsa ya tura ta gangaren Kokoro, mutum mai furfura, ruwa na dukan fuskarsa har ba ya ganin gabansa. Masu taksi-moto da suka fake a barandar wani shago suka yi masa ihu da Sango cewa ya koma, hanya ta yanke. Bai waiwaya ba.

Tun kafin ya kai gadar katako ruwa ya kai masa gwiwa, ja wur, ɗauke da robobi da bawon rake da takalmin wani. Kanal ta ɓace. Ba a gane bakinta sai ta wurin da ruwa ya fi gudu. Ya lallaba da ƙafa ya sami katakon, ya tura pusu a kai yana addu'a, ya haye.

A gidan Idrisu ya tarar da miji da mata suna kwarfar ruwa da bokiti, aikin da ba shi da amfani, domin abin da suka zubar ta ƙofa yana dawowa ta ramin bango. An ɗora gadon Inna Rahamatu a kan bulo, ruwa na lasar ƙasan katifa. Ta wurin da ƙasa ta ɓalle da asuba, tsaga ta haura har rufi, tana buɗewa a hankali kamar bakin mai hamma.

"Wane ne?" in ji tsohuwar.

"Ni ne, Inna. Dabo."

"Ɗan Muktar? Kai ma ka zo kallo?"

"Ɗaukarki na zo yi."

"Ina za ka kai ni? Nan aka kawo ni amarya."

"Inna, bangon nan ba zai kai la'asar ba. Idi, kama ƙafafu. Ummu, riƙe tamfol."

Ba ta da nauyi, amma ruwa yana jan ƙafafunsu, ƙasan ɗaki ta zama santsi. Suka fito da ita tana salati, suka kwantar a pusu, suka rufe. Idrisu ya juya zai koma ɗauko keken ɗinkinsa. Dabo ya damƙi rigarsa.

"Yaya, abincina ne!"

"Bari!"

Suna wannan ja-in-ja aka ji wani sauti mara ƙarfi, kamar buhun gari ya faɗo daga kan jaki. Bangon ɗakin Inna ya durƙusa ciki, kwanon rufi ya biyo shi ya kwanta a kan gadon. Daga ƙarƙashin tamfol tsohuwar ta tambaya mene ne, Ummuhani ta ce mata tsawa ce.

A kan gada ƙafar pusu ta hagu ta zame daga katako. Kurar ta karkata, ruwa ya kama gefenta yana ja. Ummuhani ta ƙwala ihu. Dabo ya faɗa ruwa har ƙirji ya sa kafaɗa a ƙarƙashi, ya ji wani abu ya tsage masa a baya, ya ce wa Idrisu, "Tura! Kada ka dube ni, tura!" Ƙafar ta koma kan katako. Yadda shi kansa ya fito, har yau bai iya bayyanawa ba.

Da suka hau tudu suka iso mararraba. Hanyar dama tana zuwa harabar masallaci, inda waɗanda ruwa ya kora suke kwana a kan tabarmi har a ga abin da hali zai yi. Idrisu ya karkata pusu can. Dabo ya riƙe hannun kurar ya juya ta hagu.

"Yaya, ka yi abin da ya fi ƙarfin tsayawa. Ya isa haka."

"Ba masallaci na hana ka komawa ba, Idi. Gida na hana ka."

Amma kowane taku zuwa gidansa nauyi yake ƙara masa. Bai san abin da zai tarar ba. Idan Ikilima ta ƙi buɗewa, ba zai ɓalle ƙofa a kan matar da ta rufa masa asiri ba, kuma ba shi da wata magana da zai ƙara mata. Ƙofar langa-langa tana rufe. Ya ƙwanƙwasa. Shiru, sai ƙarar ruwa a kan kwano. Ya sake ƙwanƙwasawa. Ummuhani ta sunkuyar da kai. Tsohuwa ta fara tari a ƙarƙashin tamfol.

Sakata ta yi ƙara. Ikilima ta leƙo, buhu a kanta. Ba ta dubi mijinta ba. Ta ɗaga gefen tamfol.

"Sannu, Inna. Ku shigo da ita babban ɗaki, na hura gawayi. Ummu, ga zane busasshe a kan igiya." Sai a sannan ta juyo ga Dabo, wanda ke tsaye a karkace yana riƙe da ƙugu. "Ni na buɗe, Malam, ba kai ba. Ka riƙe wannan."

Washegari, da rana ta fito, aka kira Siddiq da mutanen benci. Ikilima ce ta yanka sharaɗi, tana tsaye a ƙofar madafa. Ƙasar gidan ta Dabo ce, gadon ubansa, in ya ga dama ya bayar, ya bayar. Amma kwanon da ke kan ɗakin gabas nata ne, kuma ba za ta fita daga ƙarƙashinsa ba sai ranar da daɓen gidan Kokoro ya taso ya kai mata ƙugu. Idrisu ya yi ta rantsuwa cewa shi ba zai karɓa ba, har Inna Rahamatu ta yi magana daga cikin ɗaki.

"Idi, karɓi. Na ga uban Dabo ya ci gozo gaya shekara guda a kan goron wani. In ka ƙi, ka kashe shi da ransa."

Idrisu ya ce ya karɓa. Dabo ya ce ya sallama. Siddiq ya buɗe baki, wannan karon ba da zolaya ba, ya ce Allah ya sa albarka.

Da ruwa ya janye Ikilima ta je Kokoro sau ɗaya. Ta tsaya jikin bangon zaure, wanda shi kaɗai ya rage a tsaye, ta ɗauki gawayi ta ja layi daidai ƙugunta, ta juya ta tafi.

A zauren nan Dabo yake kwana yanzu. Da safe yana zuwa kasuwa dillanci, an kuma ce masu neman ya shiga cinikinsu sun ƙaru, ko da yake ya daina saurin miƙa hannu. Da yamma yana turo jar ƙasa a pusu, buhu bayan buhu, yana zubawa yana daɓewa, bayansa ɗaure da rawani. Ran Asabar shi da maƙwabta suna shiga kanal da cebur su kwashe leda. Ikilima ta aiko a gaya masa cewa ashe ya ji maganarta ta leda. Abincinsa daga tsohon gidansa ake kawowa, wata rana girkinta, wata rana na Ummuhani.

Rediyon yana rataye a ƙusa, bai daina saurare ba. Da aka fara maganar wani sabon taro a Brazil, Siddiq ya biyo ta wurin da yamma ya same shi yana daɓe.

"Dillali, an ce manyan za su sake zama. Me ka gani?"

"Allah ya sa su cika," in ji Dabo. "Muna bukata. Amma in ka ji an buga guduma, ka tambaya mini wanda ya san gidansu."

Ya ajiye madaɓi, ya je jikin bango ya ɗora tafin hannunsa tsakanin sabon daɓe da layin gawayi. Da sauran tazara, kuma gabas ta fara haɗa baƙi. Ya ce wa Siddiq in ba sauri yake yi ba, ya kama masa bakin buhun can.